Abin da Ya Sa Ban Dawo da Abba Gida Ba

Balkisu, Mustafa, Jamila, wannan babin na yayanku ne. Na san kun taso kuna jin magana iri biyu a kansa, wadda ake yi a gabanku da wadda ake yi in kun ba da baya. Mustafa ya taɓa dawowa daga makaranta da leɓe a fashe, na yi tambayar duniya ya ƙi faɗa min abin da ya haɗa shi faɗa, sai daga baya na ji wai wani ne ya ce masa an rataye yayansa a ƙasar waje saboda hodar iblis. Yanzu ƙarfi ya ƙare, likita ya hana ni zuwa rumfar fatuna a Oko-Oba, ba ni da aiki sai zama a ƙofar gida ina kallon okada suna wucewa. Zan faɗa muku yadda abin ya faru tun daga farko, yadda na gani da idona.

Sunansa na yanka Umaru, sunan mahaifina, shi ya sa muke ce masa Abba. Mahaifina soja ne, da shi aka je yaƙin Bama zamanin Turawa, da aka sallame su bai koma arewa ba, ya yi zamansa a nan Agege. Ku ba ku riske shi ba, Abba kaɗai ya same shi da rai. Tsoho ne marar yawan magana, amma in ya ɗora yaron nan a cinya sai ya riƙa ba shi labarin dajin da rana ba ta taɓa ƙasarsa, da kogunan da ba a hango gacinsu, da matsattsaku masu shiga takalmi su sha jinin mutum bai sani ba. Mu mun ji labarin mun manta. Abba ya riƙe shi har ya girma, har ya samu gurbin karatun injiniya a Maleshiya ya tafi. Shekarar da ya gama, mahaifiyarku Hajiya Asabe ta sa an yi wa ɗakinsa fenti, ta sayi sabuwar katifa, muna lissafin ranar zuwa tarbarsa a filin jirgin Ikeja, sai ga wayarsa.

"Baba, ina neman izini in ɗan zaga kafin in dawo. Ni da abokin karatuna Hafiz, ɗan ƙasar nan ne. Ƙasar Bama tana da wuyar shiga, amma maƙwabtanta duk daji ɗaya ne. Za mu bi kogin Mekong daga Tailan, mu ratsa Lawos, mu sauka Kambodiya."

"A ina za ku riƙa kwana?"

"Jaka ɗaya ce a baya, Baba. Motar haya da kwale-kwale, inda dare ya yi mana mu nemi masauki mai araha. Haka matasa suke yi a nan."

Hajiya tana gefena tana ji. Da na ajiye wayar ta ce:

"Tafiya ba fatauci ba, ba neman ilimi ba, ba ziyarar dangi ba? Alhaji, wannan ai yawon Turawa ne. Ka ce masa ya dawo."

Wana, Yaya Garba, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar tsoho, shi ma da ya ji sai ya girgiza kai.

"Inuwa, ɗan Najeriya a ƙasashen nan ko bai yi komai ba ana masa kallon mai laifi. Kada ka bar shi."

Na bar shi. Ni duk rayuwata tsakanin Agege da mayankar Oko-Oba na yi ta, cikin ɗanyen fata da gishiri da ƙuda, in ban da Makka ban taɓa zuwa ko'ina ba. Yaron nan bai taɓa roƙona abin banza ba, kuma zai dawo ne ya shiga wahalar Legas har ƙarshen ransa. Na ce masa ya je, ya riƙe salla, ya riƙa kira.

Ya riƙa kira kuwa. Duk garin da suka sauka a bakin kogi sai ya nemi waya, mu taru a falo a ƙara murya. Ya ba mu labarin jirgin ruwan da suka yi kwana da yini a ciki, kujerunsa na tsohuwar mota ne aka ciro aka jera, ga buhunan shinkafa, ga kaji, ga babur ɗaure a kan rufi. Ya ce yara suna binsa suna taɓa hannunsa su duba ko baƙin zai goge. Ya ce ya koyi cin shinkafa mai danƙo da ake dafawa a cikin gora, nama kuwa ya haƙura da shi, kifi kawai yake ci. Jamila, ke kina ƙarama, kullum tambayarki ko ya ga biri. Hajiya ba ta cika sa baki ba, amma na lura ba ta taɓa tashi daga wurin sai an kashe wayar. A kiransa na ƙarshe sun shiga Kambodiya, muryarsa ta ɗan dusashe, ita ce ta fara ganewa.

"Me ya samu muryarka?"

"Ɗan zazzaɓi ne, Mama, na sha magani. Mu da muka tashi a Agege, wane sauro ne zai ba mu tsoro? Gobe za mu shiga daji, 'yan kwanaki ne, babu waya a can. In mun fito sai gida."

Kwanakin suka wuce, aka shiga wasu, shiru. Wata safiya ina rumfata a Oko-Oba ana barbaɗa wa fatu gishiri, waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Hafiz ne, yana magana da Turanci yana kuka, sai da ya maimaita na fahimta. Ya ce Umar ya rasu, sun binne shi jiya a wani ƙauyen Musulmi da ke bakin kogi. Na tuna na zauna a kan tarin fata, na tuna wani mahauci Bayarabe ya riƙe kafaɗata yana ta ce min "e pele", wato sannu. Yadda na iso gida ban sani ba.

Tun ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba maganar ta fara. A shekarun nan ana yawan jin an kama 'yan ƙasarmu da ƙwaya a ƙasashen Asiya, to ga yaro ya gama karatu ya ƙi dawowa, yana yawo daga wannan iyaka zuwa waccan da jaka a baya, sannan aka ce ya mutu babu gawa. Mutum zai zo ya yi mana gaisuwa da Hausa, ya matsa gefe ya ci gaba da zancen da Yarabanci, kamar ba a Agege aka haife ni ba. Daga Mile 12 har Ketu labarin ya kai. Wasu suka ce harbe shi aka yi, wasu suka ce ƙwayar ce ta fashe a cikinsa. Mutanen da suka kawo gaisuwar neman auren Balkisu suka ɗauke ƙafa. Bayan sadakar bakwai Yaya Garba ya tara mu a falona.

"Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan. A tono shi, a rufe a akwatin ƙarfe, likita ya rubuta abin da ya kashe shi, a kawo shi nan. A yi masa salla a gaban kowa, a kai shi maƙabartar Agege kusa da mai sunansa. In ba haka ba, Inuwa, yaran nan da wannan tabon za su rayu."

Na ce masa tono mamaci ba ƙaramin abu ba ne a addini. Ya ce ya tambayi malamai, in da lalura ana yi. Sai Hajiya, wadda tun ranar da labarin ya zo ba a ji muryarta ba, ta yi magana daga bakin ƙofa.

"Ni ba ruwana da bakin mutane. So nake ya kwanta inda ko a motar danfo na wuce zan san yana nan. Alhaji, kai ka bar shi ya tafi. Ka yi min alkawari za ka dawo min da shi."

Na yi mata alkawari a gaban Yaya Garba.

Takardun tafiya sun ɗauki lokaci, sai da damina ta ƙare a can, ruwan kogi ya fara janyewa, na isa babban birnin Kambodiya. Hafiz ya tarbe ni, wani siririn matashi mai tabarau, yana rataye da jaka biyu, ɗaya tasa ɗaya ta Abba. Ya ce akwatina ba zai shiga inda za mu ba. Na bar shi a birni, na zuba 'yan kayana a kan na yayanku, na goya jakarsa a bayana ina ɗan shekara hamsin da wani abu, sanye da kaftani. Muka yini a mota muna bin kogi ta arewa har wani gari da ake kira Stung Treng. Na ce masa ya kai ni duk inda suka kwana, ina so in gani. Masaukin gidan katako ne, ana tuɓe takalmi a ƙofa, gadaje hawa biyu jere a ɗaki ɗaya, fanka guda tana juyawa a sama. Samari da 'yan matan Turawa ne cike da wurin, da gajerun wanduna da zane a jiki, suna kallona ina shimfiɗa sallaya tsakanin gadaje. Matar da ke da gidan tana ganin jakar da ke bayana ta tsaya cak, ta haɗa tafukan hannunta a ƙirji ta sunkuyar da kai. Ta nuna min gadon da ya kwanta, na ƙasa kusa da taga. Ta ce ta bakin Hafiz, shi ne ya gyara mata injin jan ruwa, ya ƙi karɓar komai.

Washegari muka shiga wani dogon kwale-kwale siriri mai inji a ƙarshen sanda, muka bar babban kogi muka bi wani reshe. Ruwan ja ne kamar kunun kanwa, gidaje a kan dogayen turaku, ɓauna kwance a taɓo sai hanci a waje. A hankali gidajen suka ƙare, itatuwa suka rufe gaɓa biyu. Inda muka sauka wani maharbi ne ya shige mana gaba da adda, shi ne ya yi musu jagora a wancan karon. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Da rana tsaka duhu-duhu ne, iska ba ta motsi, gumi yana zuba kamar an watsa wa mutum ruwa, ƙarar ƙwari kuwa har cikin kai. Ƙasa jar laka ce mai santsi, na faɗi ba sau ɗaya ba. Da muka zauna hutawa na cire takalmi, safata ta jiƙe da jini, matsattsaku sun yi ɓul-ɓul a tsakanin yatsuna. Maharbin ya ɗanɗana musu wutar taba suka faɗo. Na zauna ina kallon ƙafata, na ce ashe gaskiya tsoho yake faɗa.

A wani wuri bakin rafi, inda har lokacin akwai ragowar tokar wutar da suka hura, Hafiz ya ba ni labarin. Ya ce a nan zazzaɓin ya dawo da ƙarfi. Sun ce a juya, Abba ya ce a bari ya kwana zai sake shi, ya saba da irinsa tun yana yaro. Da gari ya waye bai san inda yake ba, idonsa ya juye, yana ta magana da harshen da ba su ji. Suka sa shi a ragar da suke ɗaurawa a itace su kwana, suka zura gora, suka ɗauko shi a kafaɗa shi da maharbin har bakin ruwa. Asibiti yana can garin da muka baro. A cikin kwale-kwale ya cika, kansa a kan cinyar Hafiz, kafin su fita babban kogi.

"Me yake cewa?" na tambaye shi.

"Ban ji ba, Baba. Yana kiran Mama. Sai wata kalma da yake ta maimaitawa, na riƙe ta don in tambaye ka. Mene ne 'sanyi'?"

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya rufe fuska, ya ce shi kuwa a lokacin ruwan kogi yake ta shafa masa don jikin ya yi zafi da yawa. Na ce masa abin da ya yi daidai ne, ko ni ne haka zan yi.

Ƙauyen da aka binne shi yana kan hanyar komawa. Hafiz ya ce ranar bai san inda zai nufa da gawa ba, sai ya hango ƙaramar hasumiya ta kwano a bakin ruwa ya ce a tsaya. Masunta ne, wata ƙabila da ake kira Cham, Musulmi ne tun kaka da kakanni a tsakiyar masu bin Buddha. Muna sauka mutane suka fito, ba wanda ya tambayi ko ni wane ne. Limaminsu wani tsoho ne ƙanƙani mai farin gemu tsilli-tsilli, da zane ɗaure a ƙugu. Ya yi min sallama, na amsa, daga nan Larabcinmu ya ƙare, sai Hafiz ya riƙa fassara don tsohon yana jin harshen Maleshiya. Ya ce sun kira hukuma da ma'aikacin lafiya sun duba, sannan shi da kansa ya yi masa wanka, likkafanin da ya ajiye wa kansa shi ya sa masa, kuma duk mazan garin sun bar kamun kifi sun yi masa salla. Ya kai ni bayan masallaci, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Kabarin yana kusa da na matarsa, ciyawa har ta fara fitowa, an kafa ɗan katako an rubuta Umar da ajami.

Na daɗe a tsugune. Da na tashi na faɗa masa abin da ya kawo ni. Sai ya ce:

"Ɗanka ne, ba zan hana ka ba. Amma ni da na sa shi da hannuna ba zan iya tsayawa a wurin ba. A zamanin da aka yi kisan jama'a a ƙasar nan an tafi da mahaifina da 'yan'uwana, har yau ba mu san inda suke ba. Naka mun san inda yake. Duk Juma'a muna biyowa ta nan."

Ba maganarsa kaɗai ce ta juya ni ba, kada ku ɗauka haka. Sana'ata ce. Na san abin da zafi da danshi suke yi wa nama cikin 'yan kwanaki, balle watanni a ƙasa irin wannan. Na san abin da za a ciro daga ramin nan ba zan iya kallonsa ba, kuma abin da za a miƙa wa mahaifiyarku akwati ne liƙaƙƙe wanda ba mai buɗewa. Masu cewa an rataye shi za su ce duwatsu ne a ciki. An yi wa yaron nan sutura yadda ko a Agege ba za a fi haka ba, ga shi ni kuma zan sa baƙi su zo da shebur da safar hannu su kwashe shi a leda. Na zauna a baranda ta masallacin har la'asar ina juya alkawarin da na yi, na rasa ta inda zan cika shi ban wulaƙanta shi ba. Na ce wa Hafiz ya sallami mutanen kamfanin tono gawar da ke jiranmu a birni.

Daga Stung Treng na kira gida. Yaya Garba ne ya fara karɓa.

"Ka tabbatar musu da zancensu ke nan, Inuwa. Yanzu me zan ce wa mutane?"

Sai aka ba Hajiya. Na yi mata bayanin komai, wankan, sallar, inuwar mangwaron. Ta bar ni na gama.

"Ka yi min alkawari," in ji ta.

"Na yi, Hajiya."

Ta ajiye wayar.

Na dawo Legas da jakarsa kawai. Ta karɓa ta shiga ɗakin da aka yi wa fenti ta rufe ƙofa. Cikin satin nan ta ɗauki Jamila ta tafi gidan ƙaninta a Ogba, kun dai san tsawon zaman da ta yi a can. Maganar auren Balkisu ta farko ta watse. Na nuna hotunan kabarin da takardar ma'aikacin lafiya a masallaci, wasu sun yarda, wasu suka ce ai komai ana iya sayensa. Yaya Garba bai sake taka gidan nan ba har ya rasu, in mun haɗu a jana'iza mu gaisa kamar maƙwabta. Mahaifiyarku ta dawo daga baya saboda ku. Ta ci gaba da yi min girki, ta yi jinyata lokacin da na karye, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Amma duk ranar da na ɗauko zancen tafiyar nan sai ta tashi ta nemi abin yi a kicin, har na daina.

Sau ɗaya ta yi min tambaya, a ciwonta na ƙarshe, a asibiti. Kun fita neman magani, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda ke cika kwatocin Agege ya shiga gidaje. Tana kallon taga ta ce:

"Ka ce a bakin kogi yake."

"Eh, bayan masallaci."

"In kogin ya cika, ruwa yana kaiwa wurin?"

Na tambayi mutanen can abubuwa da yawa, wa ya ɗauke shi, wa ya shiga ramin, me ya ci a ranarsa ta ƙarshe. Wannan ban tambaya ba. Zan iya ce mata tudu ne, da ta yarda. Amma ban taɓa yi mata ƙarya a kan yaron nan ba.

"Ban sani ba, Hajiya."

Ta gyaɗa kai, ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta, ta ce in ɗaga mata gadon kaɗan. Kwana biyu bayan nan ta rasu.

Yayanku bai ɗauki kayan kowa ba, ba a kama shi ba, ba a rataye shi ba. Ya je ganin daji da kogi, zazzaɓi ya kashe shi, Musulmi suka yi masa sutura. Ni na bar shi ya tafi, ni kuma na bar shi a can, kuma da za a sake tsayar da ni a bayan masallacin nan abin da zan yi ke nan. Mahaifiyarku ba ta yarda da ni ba har ta koma ga Allah, kuma ban ce ku ɗauki ɓangarena ku bar nata ba. In Allah ya ba wani cikinku ikon zuwa, ya je da damina, ya duba mata.